Renon Yara a Ƙasar Herero: Tarihin Mutanen da Aka Raba da Shanunsu

 Yau doguwar tafiya gare mu, amma kada wadda ta tashi neman mayafi, daga inda kike zaune za mu je mu dawo. Ƙasar Namibiya muka nufa, can kudu maso yammacin Afirka, a bakin tekun Atlantika, maƙwabciyar Angola da Botswana da Afirka ta Kudu. A can akwai wata al'umma ta makiyaya masu kiran kansu Ovaherero, harshensu kuma Otjiherero. Mu dai don sauƙin baki sai mu riƙa cewa Herero.

Abin da ya sa na ɗauko labarinsu wani lissafi ne mai sa mutum ya yi tagumi. A farkon shekarar 1904, masana tarihi sun ƙiyasta yawansu da kimanin mutum 80,000, ga garkunan shanu, ga rijiyoyi, ga filin kiwo mai faɗi a tsakiyar ƙasar. Da Jamusawa 'yan mulkin mallaka suka yi ƙidaya a 1911, Herero kimanin 15,000 kacal suka samu, ba su da ƙasa ko taku ɗaya, kuma doka ta hana su mallakar saniya. Amma kafin yaran da suka tsira daga wannan bala'i su yi furfura, shanu sun sake cika shingayensu. Babu gwamnatin da ta raba musu jari. To da me suka tashi? A nawa ganin, amsar tana cikin abin da aka zuba wa yaran nan a hannu da kuma a ka tun suna ƙanana, kuma kaso mai yawa na wannan aiki mata ne suka yi shi.

Bari mu fara shiga gidan Herero na dā, wanda suke kira onganda. Kewaye ne na bukkoki, garken shanu a tsakiya an kange shi da ƙaya. Ginin ɗaki aikin mata ne. A kafa sanduna a tanƙwara kawunansu, mace ta kwaɓa laka da kashin shanu ta yaɓe ciki da waje. Yarinya tun tana miƙa wa uwarta ƙwaryar laka take koyon gini, saboda haka ranar da aka kai ta gidan miji ba ta zaman jiran magini. Tsakanin ɗakin uwargida da garke akwai wata wuta mai suna okuruwo, wadda ba a yarda ta mutu. A imaninsu na gargajiya, a bakin wutar nan ne maigida ke kai kukansa ga kakanni. Da dare akan kwashi garwashinta a shigar da shi ɗakin uwargida, da safe a fito da shi a hura. Uwargida ko babbar 'yar gidan ke da alhakin wannan, kuma ranar ƙaura ita ke ɗauke da garwashin zuwa sabon mazauni.

A bakin wutar nan ake raɗa wa jariri suna, sa'annan a nuna masa wata 'yar maraƙa ko 'yar akuya a ce tasa ce. Wadda ta san rugar Fulani ba za ta yi mamaki ba, don su ma suna yin haka. Ku dubi hikimar da ke ciki. Yaro ya buɗe ido ya tarar yana da dukiya mai numfashi, wadda in an kula da ita za ta haihu, in an yi sakaci kura ta ɗauke. Irin wannan yaro ba ya bukatar bulala kafin ya tashi da asuba.

Daga nan aiki yake hawa hawa. Da ƙafar yaro ta yi ƙwari, sai a ba shi tsaron 'yan awaki a bayan gida, da riƙe maraƙi lokacin tatsa. In ya ƙara tasawa ya bi awaki da tumaki daji, daga baya maruƙa. Idan ya zama saurayi, rani ya tsananta, sai shi da tsaransa su kora manyan shanu zuwa mashekari mai nisa da suke kira ohambo, su yi watanni ba uwa ba uba, nono ne abincinsu. Ƙasar kuwa busasshiya ce, kogunanta ba sa gudu sai in an yi ruwa. Dole su haƙa rijiya a cikin rairayin busasshen kogi, su jeru daga ƙasan rijiyar zuwa bakinta suna miƙa wa juna guga har shanu su ƙoshi. A nan yaro ke koyon sawun zaki da na kura, da ciyawar da ke kashe dabba, da wurin da in an tona za a tarar da danshi. Harshen Otjiherero yana da tarin kalmomi na launin shanu da zanen jikinsu da tsayuwar ƙahonsu, kuma abin kunya ne a tambayi yaro wace saniya ce ba ta dawo ba ya kasa faɗin kamanninta da sunan uwarta.

Ita kuwa yarinya makarantarta gindin saniya. A wajen Herero tatsa aikin mata ne. Za ta koyi tatsa a akushin icce, ta zuba madarar a gora ta kwana ta zama omaere, wato nonon da shi ne tuwonsu shi ne miyarsu. Ba kowace madara ake zubawa a kowace gora ba, akwai shanun da aka keɓe wa kakanni, nasu goran daban, kuma sai maigida ya ɗanɗana kafin kowa ya sha. Za ta koyi rataye gora tana kaɗawa har man shanu ya fito, na ci daban, na shafawa daban, wanda ake haɗawa da jan garin dutse, kamar yadda 'yan uwansu Himba na arewacin ƙasar ke yi har yau. Ga jima da ɗinkin fata, don tufafinsu na lokacin duk na fata ne. Akwai kuma wani ilimi da masu shanu ke yi wa kallon na matsiyata, wato tonon saiwoyin daji, irin wasu 'yan ƙanana masu kama da aya, da tsinkar 'ya'yan itatuwa da ɓamɓarar ƙaro. Wanda ya rasa shanu har ya koma rayuwa a kan wannan, sunan raini suke kiransa da shi. Duk da haka kowane yaro yakan koya a wajen kiwo, ko don kashe kwaɗayi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wannan na hannu ke nan. Na ka kuwa, babbansa sanin dangi, kuma a nan tsarinsu ya sha bamban da namu. Kowane ɗan Herero yana da zuriya biyu, kowacce da sunanta da haƙƙinta. Ta wajen uba ita ce oruzo. Ta nan ake gadon wutar gida da shanun da aka keɓe, da kuma abubuwan da aka hana mutum, alal misali akwai zuriyar da ba ta cin naman dabbar da ba ta da ƙaho. Ta wajen uwa kuwa eanda. Mace in ta yi aure takan koma oruzo na mijinta, amma eanda ba ya canzawa har kabari, kuma a dā ta wannan ɓangaren mafi yawan shanu ke bi a gado. Wato yaro ya fi sa ido ga garken kawunsa, ɗan'uwan mahaifiyarsa, fiye da na ubansa. Kakanni mata ke zaunar da yara da dare suna biya musu salsala, wance ta haifi wance, wance ta haifi uwarki. Idan baƙi biyu suka haɗu a hanya, bayan gaisuwa abin da za su fara bincika shi ne eanda. In ya zo ɗaya, shi ke nan, an sami masauki da gorar nono ko da ba a taɓa ganin juna ba.

Sai kuma kirari, wanda suke kira omitandu. Mu mun saba da kirarin sarakuna da na garuruwa, su kuwa har rijiya tana da nata, dutse da nasa, fitacciyar saniya da nata. A cikin kirarin wuri ake jin wanda ya fara sauka a nan, da wanda aka binne, da launin shanun da suka sha ruwan wurin. Mata ke rera shi a wajen makoki da kuma a rawarsu ta outjina, yara na gefe suna ɗauka. Mutanen da ba su da takardar fili, kirarin nan shi ne takardarsu.

Kada in yi muku ado da yawa, tarbiyyar nan tana da nata zafin. Yaro ko yarinya in sun tasa, akan cire musu haƙoran gaba na ƙasa guda 4, a kuma goge na sama guda 2 a fitar da wata irin wushirya, wai ado ne da shaidar ƙabila, ba tare da wani maganin kashe zafi ba. Yawancin Herero sun daɗe da barin wannan, kuma ban ga abin kewa a ciki ba. Maza kuma ana yi musu kaciya rukuni-rukuni, waɗanda aka yi wa tare su zama omakura, abokan juna na har abada, masu tsaya wa juna a biki da makoki.

Baƙon abu na farko da ya shigo wannan tsari allura ce da zare. A 1844 wani ɗan mishan Bajamushe, Carl Hugo Hahn, ya kafa tasha a Otjikango. Shekaru suka yi ta wucewa bai sami mai karɓar addininsa ba, don mai shanu dubu ba ya sauraren baƙo. Amma matarsa Emma, 'yar Ingila, ta buɗe ajin ɗinki, kuma wannan ya ja 'yan mata. Cikinsu akwai Urieta Kazahendike, wadda ta shiga gidan tana yarinya, ta ƙware a ɗinki, ta iya karatu da harsuna da dama. A 1858 ta zama ta farko cikin Herero da aka yi wa baftisma, aka sa mata suna Johanna. Ta bi iyalin Hahn zuwa Jamus, inda ta taimaka wajen gyara wasu daga cikin littattafan farko da aka buga da harshen Otjiherero. Sunan Hahn ne a bangon littattafan, amma kowa ya san baƙo ba ya daidaita harshe sai da ɗan gari. Daga baya ta yi aikin ungozoma a Otjimbingwe, ta rayu har tsakiyar shekarun 1930, kuma a 1999 Namibiya ta sa hotonta a kan sarki na wasiƙa.

A 1884 Jamus ta ce ƙasar ta zama tata. Sai ga annobar bushiya a 1897, cutar shanun nan da ta riga ta bi ta ƙasashenmu wajen 1890 ta tsiyata Fulani masu yawa. Ta kashe fiye da rabin shanun Herero, a wasu garkunan ma kusan duka. Yunwa da zazzaɓi suka biyo baya. Sarakuna suka shiga sayar wa Turawa fili, 'yan kasuwa masu ba da kaya bashi suka riƙa zuwa suna kora shanun da suka rage, ana cin zarafin mata, kotu kuma ba ta hukunta Bature yadda ya kamata. Ranar 12 ga Janairu 1904 tura ta kai bango. A ƙarƙashin babban sarkinsu Samuel Maharero, Herero suka tashi a Okahandja, suka kashe Jamusawa fiye da 100. Maharero ya ba da umarni kada a taɓa mata da yara da 'yan mishan, kuma galibi an kiyaye wannan umarni.

Jamus ta aiko da wani janar mai suna Lothar von Trotha. Ranar 11 ga Agusta 1904 ya auka wa Herero a gindin tsaunin Waterberg, wurin da su suke kira Ohamakari, inda suka taru da matansu da yaransu da shanunsu. Hanya ɗaya ta rage musu, ta gabas, cikin hamadar Omaheke. Suka shiga, sojoji suka bi su suna kora, suka tsare rijiyoyin bakin hamadar. Ranar 2 ga Oktoba von Trotha ya fitar da sanarwa cewa duk Herero da aka gani a ƙasar, da bindiga ko babu, da shanu ko babu, a harbe shi, kuma ba zai ƙara karɓar mata da yara ba. Dubbai suka mutu da ƙishirwa. An tarar da ramuka masu zurfi da mutane suka tona da hannu suna neman ruwa, gawarwaki kewaye da su.

To a nan ne ilimin nan da ake rainawa ya yi rana. Waɗanda suka rayu a daji wata da watanni, wasu fiye da shekara, da saiwoyi da ƙaro da 'ya'yan itace suka rayu, da sanin inda ake tona rairayi a sami danshi. Abin da yarinya ta koya tana wasa a bayan awaki, shi ta ciyar da goyonta da shi. Maharero da mutane kimanin 1,000 suka tsallake hamadar zuwa Bechuanaland, wato Botswana ta yau, wadda ke hannun Ingila.

A watan Disamba aka janye sanarwar von Trotha, amma wahala ba ta ƙare ba. Aka riƙa tattaro waɗanda suka rage ana zuba su a sansanonin gwale-gwale a Swakopmund da Windhoek da wani tsibiri mai tsananin sanyi da ake kira Shark Island. Mafi yawan fursunonin mata ne da yara. Aka sa su sauke kayan jirgin ruwa da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, abinci ɗan shinkafa da ba su saba da ita ba, sau da yawa ma ba tukunyar dafawa. Mutuwa ta yi yawa ainun. Al'ummar Nama, da su ma suka yi tawaye, sun rasa kusan rabin mutanensu. Sai a 1908 aka rufe sansanonin. Kafin nan an riga an ƙwace ƙasar Herero baki ɗaya, kuma dokokin 1907 sun hana baƙar fata mallakar shanu sai da izinin gwamna, sun kuma tilasta wa duk wanda ya wuce shekara 7 rataya wani ƙarfe mai lamba a wuya. Ki duba ɗanki mai shekara 7, uwargida, ki ƙiyasta. Marayu aka rarraba su gidajen Turawa da barikin soja suna boyi-boyi. Wutar okuruwo ta mutu a kusan kowane gida, dattawan da ke kula da ita sun ƙare, jama'a da yawa suka shiga coci.

Sai dai akwai abin da Jamusawan ba su lissafa ba. Sun ƙwace fili sun zuba shanu, amma wa ya iya kiwo a wannan busasshiyar ƙasa in ba Herero ba? Dole su suka ɗauka aiki. Saboda haka uwa tana tatsar saniyar Bature, 'yarta na tsugune a gefe tana kallo. Saurayi yana bin garken da ba nasa ba, a filin da kakansa ya haƙa rijiya, yana kuma sane da kirarin rijiyar. Hannu bai manta ba. Aka fara da 'yan awaki, ana tarawa a ɓoye da sarari. Tambayar eanda kuma ta zama hanyar neman juna. Mutum ya isa gonar da bai san kowa ba, ya faɗi zuriyar uwarsa, sai wata tsohuwa ta ce ai ni innarka ce. Da haka marayu suka sami iyaye, gidajen da suka watse suka sake haɗuwa, ko da ba da ainihin mutanen dā ba.

A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Afirka ta Kudu suka kori mulkin Jamus, hanin mallakar shanu ya faɗi. Herero suka yi tsammanin za a mayar musu da ƙasarsu. Ina! Sababbin masu mulkin suka ƙara kawo nasu Turawan, su kuwa aka keɓe musu wasu yankuna irin su Aminuis da Epukiro, a gefen hamadar nan da ta cinye iyayensu. A nan ɗin dai suka haƙa rijiyoyi suka tara garkuna.

Labarin waɗanda suka tsallaka Botswana ya fi nuna abin ƙarara, don su da tsummokaran jikinsu kawai suka isa. Suka zama barorin Tswana. Su Tswana suna da wata al'ada mai suna mafisa, mai shanu ya ba ka amanar kiwo, ka sha nono, in ka yi ƙoƙari a sallame ka da maraƙa. Ya yi kama da abin da Fulanin Nijar ke kira habbanaye. Herero suka riƙe wannan da hannu biyu. Ba sa sayar da karsana, ba sa yanka sai dole, yara duka suna bakin aiki. Cikin 'yan shekaru gommai sai ga 'ya'yan barorin jiya ana lissafa su cikin manyan masu shanu a yankin Ngamiland, a garuruwa irin su Sehithwa da Toteng. Kuma ba su saki harshensu ba. A 1993, bayan Namibiya ta sami 'yanci a 1990, wasu daga cikin jikokinsu suka koro shanunsu suka koma, aka saukar da su a wani wuri da ake kira Gam. Waɗanda suka zauna kuwa sun sake ganin tashin hankali a 1996, sa'ad da ciwon huhu ya sa gwamnatin Botswana ta karkashe shanun Ngamiland kimanin 320,000, ta biya diyya. Nan ma aka sake farawa.

Mu koma Namibiya. Samuel Maharero ya rasu a gudun hijira a 1923, aka kawo gawarsa Okahandja aka binne ranar 26 ga Agusta. Wannan jana'iza ita ce karo na farko da Herero suka taru da yawa tun bayan yaƙi, kuma daga ita abubuwa suka juya. Aka shiga sake kunna wutar okuruwo gida gida, aka dawo da kaciyar rukuni, har samarin da suka wuce lokaci. Tun daga nan duk ƙarshen Agusta sukan taru a Okahandja su ziyarci kaburburan sarakuna, maza cikin kaki irin na soja, mata cikin jajayen riguna. Yara ma suna cikin jerin gwanon, ana nuna musu kabari ana faɗin kirarin mai shi. Darasin tarihin da makarantar gwamnatin wariyar launin fata ba ta koyar ba, a nan suka same shi.

Rigar da na ambata ta isa a tsaya a kanta, don na san masu ɗinki a cikinku sun kasa kunne. Sunanta ohorokova. Asalinta rigar matan mishan ce ta zamanin Sarauniya Victoria, doguwa har idon sawu, mai dogon hannu da tattara a kafaɗa, a ƙarƙashinta fatari kan fatari har ta buɗe kamar lema. Riga ɗaya da fatarinta takan ci yadi 10. Matan Herero suka karɓi kayan waɗanda suka mallake su suka mai da shi nasu, suka ɗora masa ɗaurin kallabi mai suna otjikaiva, wanda ake miƙar da shi hagu da dama kamar ƙahon saniya. Har tafiyar da ake yi cikin rigar a hankali ake yinta, wai irin takun saniya mai ƙoshi, kuma a wajensu wannan babban yabo ne. Yarinya ba ta sa ta sai ta isa mace, kuma kafin nan ana so ta iya juya keken ɗinki na hannu. Ƙyallayen da suka rage ba a zubarwa, da su ake harhaɗa rigar aikin gida mai launi-launi, da 'yan tsana masu irin shigar da ake sayar wa baƙi a bakin titi. Mata da yawa da keken nan suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu a Katutura, unguwar baƙaƙen fata ta birnin Windhoek.

Akwai kuma riƙo. Masu binciken da suka zauna da Herero na Botswana a shekarun 1980 sun tarar yara masu yawa ba a hannun iyayen da suka haife su suke girma ba, suna wajen kaka ko inna ko gwaggo. Tsohuwa ba a barinta ba mai ɗebo mata ruwa, wadda ba ta haihu ba ba a barinta da ɗaki shiru, yaro kuma yana tashi da sanin gida fiye da ɗaya. Mun san riƙo, mun kuma san yana da fuska biyu, wani ɗan riƙon gata yake samu, wani bauta. Amma ga al'ummar da yaƙi ya mayar da rabinta marayu, wannan al'ada ita ta hana yara zube a titi.

Yau fa? Yau abin da ke raba yaro da gindin saniya makaranta ce. Gidajen makiyaya suna nesa da juna, saboda haka yara da yawa tun suna ƙanana ake kai su makarantar kwana, sai hutu suke ganin gida. Iyaye suna son karatun, don fari irin na 2019, wanda ya sa gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, ya nuna musu garke na iya ƙarewa a shekara ɗaya, albashin ɗa ko 'ya shi ke sayen abincin dabbobi. Dabarar da yawancinsu suka ɓullo da ita ita ce, da an yi hutu, musamman na Disamba, ma'aikacin birni ya kwashi yaransa ya kai su ƙauye wajen kaka, a tashe su da asuba su yi tatsa, su ga dabbar da aka ba su ranar suna da abin da ta haifa. Ana koyar da Otjiherero a makarantu har jami'a, kuma gidan rediyon ƙasar yana da tashar harshen mai suna Omurari, inda dattawa ke warware salsala da kirari, a kuma sanar da rasuwa da biki. A yankin Kunene, wajen Himba, tun ƙarshen shekarun 1990 aka buɗe makarantun tanti masu bin makiyaya, irin manufar makarantun 'ya'yan makiyaya da Nijeriya ta kafa wa hukuma a 1989.

Gadon kawu kuwa ya zama abin rigima. A dā da dukiya shanu ce kawai kuma dangi na zaune wuri ɗaya, tsarin yana tafiya. Yanzu mutum ya mutu ya bar gida da mota da garke, sai dangi su zo su kwashe, matar da ta yi tatsa shekara 30 da 'ya'yan da suka yi kiwon su tashi da kaɗan. Dokar filayen gargajiya ta 2002 ta ba matar mamaci damar ci gaba da zama a filin mijinta, kuma magidanta da yawa yanzu suna rubuta wasiyya ko su raba wa 'ya'yansu shanu tun suna raye.

Babbar matsalar dai ita ce ta fili. Ana iya koya wa yaro kiwo, amma a ina zai yi shi? Yankunan da aka keɓe musu tun shekarun 1920 sun cika, ƙaya ta cinye ciyawa. Ƙididdigar hukumar Namibiya ta 2018 ta nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na manyan gonakin kasuwanci suna hannun farar fata, kuma da yawa daga cikinsu suna kan rijiyoyin nan da yaran Herero ke haddace kirarinsu ba su taɓa shan ruwansu ba. A 2011 an dawo da ƙoƙunan kai 20 na Herero da Nama da aka kai Berlin don bincike a zamanin yaƙin. A watan Mayun 2021 Jamus ta amsa da bakinta cewa abin da ta yi kisan ƙare-dangi ne, ta yi tayin Yuro biliyan 1.1 na ayyukan raya ƙasa cikin shekara 30. Shugabannin Herero da Nama da dama suka ƙi, suka ce ba da su aka zauna ba, kuma taimako daban, diyya daban. Ranar 28 ga Mayu 2025 Namibiya ta yi bikin farko na ranar tunawa da kisan a hukumance, wasu daga cikin shugabannin nan kuma suka ƙaurace wa taron saboda maganar diyya da ta fili ba ta warware ba.